Kajal Za Ta Haihu a Gidan Wasu

Kisumu

Zuwa ga Yayata Sarla,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da Yaya Dinesh da yara, kuma sanyin Ingila ya sassauta wa gwiwoyinki. Ubangiji Ya ƙara lafiya. Mu nan kalau muke, sai dai zuciyata ba daɗi.

Cikin 'yata Kajal ya tsufa. Kin san al'adarmu, haihuwar fari a ɗakin uwa ake yin ta. Har na gyara gado, sai Bhupen, yayan marigayi mijina, ya ce muddin gidan nan nasa ne, ba za a haifi ɗan baƙar fata a ciki ba. Wai ita ta zaɓi auren Okelo, to ta je dangin Okelo su yi mata jego. Shi Bhupen ɗin da tun yana saurayi Luwo, ƙabilar su Okelo, ke sayen kayan shagonsa! Matarsa kuwa, wai ita mai tausayi, ta ba ni za'afaran in aika a riƙa dama wa Kajal a madara, ko jaririn ya ɗan yi haske. Na karɓa har da godiya, Yaya, don a gidansu nake ci.

Shekaranjiya Mama Adhiambo, uwar Okelo, ta tare ni a kasuwa. Ta yi mini tsiya, wai ko mu Indiyawa sai an aiko mana da mota muke zumunci? Ta ce in tattaro kayana in zo, ɗakinta ya ishe mu, jikan nan namu ne mu biyu. Bhupen ya riga ya gaya mini in na taka gidan su Okelo, kada in dawo. Ga tsohuwar surukata kwance, ni kaɗai take yarda in juya ta. Ina zan sa kaina?

Don girman Allah ki sa Yaya Dinesh ya kira Bhupen, shi kaɗai yake jin kunyarsa. Ku hanzarta. Kajal ta daina tambayata yaushe zan zo ɗaukar ta. Jiya da ta kira, cewa ta yi in faɗa mata yadda muke dafa abincin mai jego, surukarta za ta koya.

Ki gaida Yaya Dinesh da Hiren da Mital da amaryar Hiren.

Ƙanwarki,
Nirmala