Kuncin Yaya na Hagu

Litinin, 3 ga Maris
Likita ya ce za su iya yi wa Yaya kuncin roba ya rufe inda aka yanke ciwon dajin, amma sai sun san yadda fuskar take a da. Umma ta nuna ni: "Ai aikinta ke nan." Haka ne. A ofis hoto ɗaya na zanen ɗaurawa nake ba kwamfuta, ta fito min da tudu da kwarin kowace lanƙwasa. Amma zane fa, ba yayana ba.

Laraba, 5 ga Maris
Hoto ɗaya tal muka samu. Mutumin da ke gudun kyamara kamar marar gaskiya! Kuma dariya yake a ciki, kuncin ya tattare sama, inuwar hula ta cinye rabinsa.

Asabar, 8 ga Maris
Kwamfuta ta ba ni fuska. Na ɗan taɓa haske, ta ba ni wata. Duk sun dace da hoton. Ba ta bambance inda ya lotsa da inda inuwa ce kawai.

Talata, 11 ga Maris
Shugabana ya ce, "Hoto ɗaya ba ya faɗin zurfi, kin fi kowa sani. Sauran duk hasashe ne." Na sani. A banɗaki na yi kukana.

Juma'a, 14 ga Maris
Na nuna wa Umma. "Wannan ai kawunku ne." Na canza. "Wannan ya yi ƙiba." Na ce to yaya yake, Umma? Ta ɗaga hannu tana shafa iska, ta kasa. Ita da ta haife shi.

Lahadi, 16 ga Maris
Ban taɓuka komai ba.

Alhamis, 20 ga Maris
Yaya, da maganarsa da ke fita da ƙyar: "Auta, zaɓo min mai kyau kawai, na da ɗin ma ba wani abin a zo a gani ba ne." Na yi dariya ina kallon bango. Tun da aka yi aikin ban iya duban gefen hagun nan. Ya lura. Duk sanda na shigo sai ya juyo min da gefen dama.

Litinin, 24 ga Maris
Na miƙa wa likita guda ɗaya, ba don na yarda da ita ba. Da yamma matar Yaya ta fita, ni na canza masa bandeji. Muna ta musun ƙwallo har na gama, na zauna muka ci gaba. Sai da na fito na tuna a hagunsa na zauna.