A Wayar Agwagwa Kaɗai Mijina Yake Gane Ni

Kak Zaiton, don Allah ki taimake ni, kaina ya kulle.

Mijina, Abang Rosli, tun aurenmu yake tara tsofaffin wayoyin girke masu siffar ban dariya. Akwai mai kamar ayaba, da jan takalmin mata, da leɓɓa. Duk Lahadi yana kasuwar tsofaffin kaya, ya dawo da wata a hammata. Na sha ce masa wata rana a kan waya za mu kwana.

Yanzu ciwon mantuwa ya kama shi. In na kawo masa shayi sai ya yi min godiya, ya tambaye ni ina matarsa. Amma akwai wata waya ta katako mai siffar agwagwa, ita kaɗai ke haɗe da layi. In na shiga kicin na kira ta da wayar hannu, tana yin kukan agwagwa zai ɗauka ya kira sunana, har ya tsokane ni wai na cika barkono a miyar laksa. Ina fitowa na koma baƙuwa.

'Yarmu Suraya ta ce mu dawo wurinta Kuala Lumpur, kusa da asibiti. Ɗaki ɗaya ne, babu layin girke. Wani mai tara irin wayoyin nan ya zo daga Singapore, ya ce ko ya saye duka har da agwagwar, ko ya fasa. Suraya ta ce roba da katako nake wa kuka. Ni kuma ƙarfina ya ƙare, ko ɗaga shi daga banɗaki ba na iyawa. Ya zan yi?

Matar Rosli, Ipoh

'Yar'uwa, sannu da ƙoƙari.

Suraya tana da gaskiya: in kika kwanta, shi ma ya kwanta. Ku koma wurinta. Amma ba ta taɓa jin abin da kike ji ba. Ki zaunar da ita kusa da babanta, ki shiga kicin ki kira. Ba sai kin ƙara bayani ba.

Agwagwar ba ta sayarwa ba ce. Wanda ya taso tun daga Singapore zai karɓi sauran, in ya ƙi akwai wasu. Masu gyaran waya suna da ɗan akwatin da ke haɗa wayar girke da ta hannu. Ku gwada shi tun kuna gida, kafin ku ɗaure kaya.

Ciwon nan ba ya tsayawa wuri ɗaya, don haka ki yawaita kira tun yana ɗauka. Allah ya ba shi sauƙi, ya ba ki ladan jinya.

Kak Zaiton