Goron da ba goro ba

Kawu,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya ƙafar taka, ya Inna da yara?

Jiya na raka Bashir ɗinka asibiti kan gyambon cikin kumatunsa. Ya daɗe yana taunar wani ƙwallo da abokan ɗakinsa ke ba shi a unguwar Hay el-Sabi', muna kiransa goron Indiya. Likita ta ce ba goro ba ne. Ɓata ƙwayoyin naman baki yake, har su riƙa hayayyafa ba tsayawa, ta haka ciwon daji ke farawa. Sun yanki naman, muna jiran sakamako.

Sunan goro ne ya cuce mu, Kawu. Ni kaina sau nawa na ce ya sam mini.

A sa shi a addu'a. A gaishe da Inna, amma kada a gaya mata tukuna.

Naka,
Nura