Ƙofar Inna ta tafi Yamai

Matamaye, daren Laraba

Na kasa cin tuwo. Da safe na jera ƙananan katunan da na zana a tabarma, na ɗauki hoto, na saka a gurup ɗinmu na waya na masu saye da musayar kati. Ban lura ba ashe katin ƙofar gidan Inna na Tawa yana ciki. Da jar ƙasar gidan na yi masa launi, ƙasar ta ƙare, gidan ma ruwan bara ya rushe shi.

Da na lura, rezon waya ya ɗauke. Kafin ya dawo in goge hoton, wata Hajiya Rabi ta Yamai ta rubuta "na ɗauka". Dokar gurup, wanda ya janye kati an kore shi, kuma nan nake ci.

Na kira ta, na ce in zana mata wani. Ta ce, "Malam Isa, ni mai tsagaggen bangon nan nake so."

Na ji haushinta, amma laifina ne. Na liƙe ambulan. Gobe katin zai wuce mararrabar Tawa a mota, ni ina nan zaune.