Ƙafafun Sarkin Gudu

Zuwa ga 'yata,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya, ke da aikin da ya fi miki kowa. Allah Ya ƙara miki lafiya da nisan kwana. Mu ma muna nan, sai godiya. Maƙwabciyata ce ke rubutawa, na ce mata kada ta tausasa ko kalma ɗaya.

Maganar ɗanki ce, Sarkin Gudu, wanda kika aje a hannun yayanki tela kamar buhun ajiya. Mura ta shigo gidan, ta fara kada 'yar yayanki, 'Yar Lele. Jiki kamar garwashi, tari, ƙirji na shiga yana fita, sai ga jijjiga, ido ya kakkafe. Aka ruga da ita asibiti, aka sa mata robar iska a hanci. Da aka zura mata tsinke mai auduga aka gwada, likita ya ce mura ce irin da suke kira A. Shi ke nan, duk gidan muka ɗauka haka murar gaske take zuwa.

Ana cikin haka naki ya tashi da ɗan zazzaɓi, da amai, da ciwon ciki. Zazzaɓin ya sauka, sai ya wayi gari ya ce sharaɓarsa na ciwo, ba zai iya takawa ba, yana tafiya a kan yatsu kamar ɓarawon kaza. Yayanki ya ce ƙarya ce, kishi yake don ya ga ana kai wa 'Yar Lele lemo. Wai ai wanda ke tsere da akuya jiya ba ya gurguncewa yau, kuma me ya haɗa mura da ƙafa? Ya ciro igiyar keken ɗinki, ya zuba masa a daidai inda yake cewa yana ciwo, ya ce sai ya taka daga ɗaki zuwa shago. Yaron ya kai, da rarrafe. Sai da na ga fitsarinsa ya yi duhu kamar shayi na goya shi zuwa asibiti, ni da wannan ƙugun nawa.

Likita ya ce tasa murar irin B ce, ita ce ta fi kama naman ƙafar yara. Da ya ɗaga wandon ya ga shatin igiya, ni kawai ya kalla. Aka kwantar da shi ɗaki daban, ana ƙara masa ruwa. 'Yar Lele uwa a kai, uba a ƙafa. Naki kuwa sai bango.

Kada ki buga waya kina zagin yayanki. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, kuma shi aƙalla yana nan. Ke fa? Riga kike aikowa, rigar ma ta yi masa kaɗan, don ba ki san tsawonsa ba. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

An kusa sallamarsa, ya ce ba zai koma gidan tela ba, ni kuma ɗakina ba ya cin mutum biyu. In za ki zo, ki zo. Amma ki sani, wata nas mai ba shi magani yake kira Mama yanzu. Na tambaye shi saƙon da zan ba uwarsa, ya tambaye ni wacce.

Gwaggonki da kawunki direba suna gaishe ki, matar yayanki ma. Ki gaida mai gidan da kike wa renon 'ya'ya.

Ni ce wadda ta haife ki ba ta yar ba,
Innarki