Sun Auna Hanyar Gonarmu Cikin Fuloti

Zuwa ga Mai Girma Hakiminmu, da duk manomin da wannan takarda ta isa hannunsa.

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, ina gaishe ka gaisuwar 'ya ga ubanta, da fatan kana lafiya kai da iyali da jama'ar da Allah ya ɗora maka.

Kafin in kawo kukana, bari in gargaɗe ka, kai mai karatu. Idan gonarka tana kusa da titi, kada ka saki jiki don ba ka sayar ba. Ni ma ban sayar ba. Ga gonata can ina hangen ta, amma ko sa ɗaya ba ya iya shiga cikinta.

Sunana Hajara, matar marigayi Malam Isiyaku. Muna zaune a wani ƙauye da ke bakin titin Makarfi zuwa Ikara. Mijina ya bar mini 'ya'ya shida da gona ɗaya, ba mu raba ta ba, daga cikinta muke ci. Na yi sakandare, da hannuna na rubuta wannan, ba wanda ya sa ni.

Na farko, hanyar. Tun zamanin kakan mijina akwai hanyar da aka bari a gefen gonar maƙwabcinmu da ke bakin titi, faɗinta daidai amalanken shanu, ga gamba dama da hagu. Ba a taɓa rubuta ta ba, don ba wanda bai san ta ba. Duk rani muna tara shara da toka da kashin awaki a bayan gida, kafin ruwan farko mu kwashe zuwa gona. Ta wannan hanya taki ke shiga, ta nan shanun huɗa ke bi, ta nan dawa da masara ke dawowa gida.

Na biyu, abin da ya faru. Bayan girbin bara magadan maƙwabcin nan suka sayar wa mutanen birni gonarsu, aka yanka ta fuloti-fuloti, awon igiya. Ban ga laifinsu ba, gadonsu ne. Amma dillali ya haɗa da hanyarmu cikin awon. Kafin damina ta faɗi, an tuge gambar, katangar bulo ta tsaya a wurin.

Na uku, kuma shi ne abin da ya fi ci mini rai. A wurinmu idan za a fitar da iyaka, akan kira maƙwabci ya tsaya, kuma ba a ƙin zuwa. Aka kira babban ɗana Lawal, magidanci mai 'ya'ya biyu. Aka ce ya riƙe bakin igiya, ya riƙe. Aka miƙo takarda da Turanci aka ce ya sa hannu a matsayin wanda ya halarta, ya sa. Ranar da na kai ƙara gaban mai unguwa, dillalin ya dube ni a gaban mutane yana murmushi ya ce, "Baba, wace hanya kuma? Ai ɗanki ne ya riƙe mana igiya, ga sa hannunsa." Na juya wajen Lawal, ya sunkuyar da kai ya ce, "Inna, wallahi kara na yi musu. Ban san haka ne ba." Kara! Ladabin da na koya masa da bakina, da shi aka rufe mana hanya.

Na huɗu, daminar bana. Da ka muka ɗauki taki a buhu, muka bi ta wani lungu a gefen gonar Malam Tanko, wani dattijo da ya tausaya mana. Ko rabin takin bai isa gona ba. Shanu ba su shiga ba, da hannu aka yi huɗa, aka makara. Masara ta fito ja, siririya. Rumbun da ke kai mu har kaka, bana ba na jin zai kai mu tsakiyar damina.

Ranka ya daɗe, tsoro nake ji, kuma ba na jin kunyar faɗa. Malam Tanko yana kwance ba lafiya, an riga an fara ganin 'ya'yansa cikin motar dillalai. Ranar da lungun nan ya rufe, sai dai mu tashi sama mu sauka a gonarmu. Sau biyu dillalin nan yana aiko mini cewa gonar da ba ta da hanya ba ta da daraja, gara in karɓi abin da ya samu tun da sauran mai so. Shi ya toshe, shi ne kuma mai ba da shawara. Abin da ya fi wannan tayar mini da hankali, na fara jin ƙannen Lawal suna zancen babur da shago.

Na ga waɗanda suka sayar. An sayi babur, an yi biki, an canza waya. Yau da mudu suke awon masara a kasuwar Makarfi, wasunsu kuma suna ɗaukar bulo a kan gonar ubansu, ana yi musu tsawa. Ba na gaba da gari don ya girma, kowa na son wurin kwana. Amma wanda ya gina gida ma sai ya ci tuwo.

Don haka nake roƙon abu uku. Ka turo wakilinka tare da dattawan da suka san wannan hanya, tun suna raye, a buɗe ta. Kada a ƙara auna wata gona sai an fara fitar da hanyar waɗanda ke bayanta. Kuma duk takardar da manomi zai sa wa hannu, a karanta masa ita da Hausa a gaban jama'a.

Allah ya ja zamaninka, ya ba ka ikon riƙe amanar talakawa, ya sa ka gama lafiya.

Kafin amsarka ta zo, ni na kafa doka a gidana, na tara 'ya'yana da surukata na faɗa musu. Ba mai sake riƙe wa kowa igiya. Ba mai sa hannu a takardar da ban karanta ba. Ba mai karɓar ko goron dillali. Wanda ya karya, ko Lawal ne, ya nemi inda zai ci tuwo, ba daga rumbuna ba.

Wassalam.

Hajara Isiyaku