Furojek ɗin Ƙawata Yana Cikin Akwatina

Assalamu alaikum. Don Allah a ɓoye sunana, kuma ku karanta har ƙarshe kafin ku zage ni.

Ni 'yar Tambuwal ce, ina shekarar ƙarshe a jami'a. Mahaifina malamin allo ne. A gidanmu idan ka yi kuskure ɗaya a rubutu, ba gyarawa ake ba, allon ake wankewa duka a sake. Haka na tashi, abu in bai yi tsaf ba ba na iya miƙa shi. Furojek ɗina, wato binciken kammala karatu, babi na ɗaya kawai na goge shi ya fi sau bakwai. Mutane suna cewa ina da natsuwa. Wace natsuwa?

Ina da ƙawa 'yar Kebbe, bari in kira ta Hajo. Ita gaggawa gare ta, ga surutu, komai ta yi shi sama-sama ta wuce. Ta riga kowa gamawa. Saura kwana goma a rufe karɓa aka kira ta, babanta ya faɗi a babur ya karye. A tasha ta danƙa min aikinta, ta ce, "Ke ɗai nika yarda da ke. Sa hannu duk an yi, ajewa kawai za ki yi ofis."

Ajewa kawai. Amma sai da na buɗe. Na ga shafi fuɗu an ɗinke su kai ƙasa, ga wani tebur ya karkace. Na ce haba, ba zan kai wannan da sunan Hajo ba. Na warware ɗinkin don in gyara. Ina gyara wannan sai in hango wancan, na ce gobe. Goben ta zama jibi. Ranar da aka rufe ina zaune a ɗaki, takardun a baje kan katifa, ina kallon agogo har ƙarfe fuɗu ta wuce. Ko tashi ban yi ba.

Da ta kira ta ce, "Kin kai?" na ce na kai. Ta ce, "Allah shi bar mu tare." Har wake ta aiko min ta hannun wani mai babur. Na dafa, na ci. Abin da ke ba ni tsoro ke nan, ban yi kuka ba, ba na jin komai. Wane irin mutum ne haka?

Da na je na roƙi shugaban sashenmu, sai ya ce in mai aikin ta zo da kanta ta yi bayani kafin Alhamis, za a duba. In ba haka ba, ta ƙara shekara. Yau Litinin, kuma fitowa daga garinsu ba wasa ba ce. Hajo tana can tana jinyar babanta, tana faɗa masa ta kusa tafiya bautar ƙasa.

Na san kiranta ya kamata in yi. Kullum sai na ɗauki waya, sai in tsaya ina tsara yadda zan fara maganar don ta fita daidai. Wannan saƙon ma kwanansa tara a wayata ina gyara shi.

Me zan yi?